Ba'amurkiya da Bajamushiya a Garejin Mu'aither

Ina zaune cikin mota a bakin wani kantin magani a unguwar Al-Sadd ta Doha lokacin da wayata ta yi ƙara. Hantsi ne, a farkon zafin shekarar annoba, titin da a da sai ka yi ta zagaye kafin ka sami wurin tsayawa duk ya zama fili. Maganin mahaifiyar kafil ɗina na zo karɓa. Kafil shi ne Balaraben da nake yi wa tuƙi, wanda zamana a ƙasar yake hannunsa. Da na duba wayar sai na ga wata nas ce da muka sani, 'yar Filato, wadda take aiki a asibitin da aka kwantar da abokina.

Ta ce, "Yayana, tuƙi kake yi?"

Na ce a tsaye nake.

"To kashe motar tukuna."

Na kashe. Sanyin da ke busowa ya ɗauke, na ji shirun titin ya shigo.

"Sai haƙuri, Yayana. Ya rasu da safen nan. Ina wurin. Bai sha wuya a ƙarshe ba."

Na yi salati, na yi mata godiya. Na tuna na tambaye ta ko ta karya kumallo, ban san abin da ya sa ba. Mai kantin ya fito da ledar magani ya ƙwanƙwasa gilashi, na karɓa, ya koma. Na daɗe a wurin ina gumi kafin na tuna ni na kashe motar da hannuna.

Abokina makaniki ne, mutumin Zangon Kumasi a Gana, ya girme ni da 'yan shekaru. Ina ce masa Yaya, idan kuma gardama ta yi zafi in ce masa Ɗan Zango. Shi kuwa tun ranar da ya ji daga Zariya nake bai ƙara kirana da komai ba sai Bazazzage. Zan rubuta maganganunsa da tawa Hausar, don tasa ta Kumasi a kunne take da daɗi, ba zan iya sa ta a takarda ba. Kayansa kaɗan ne, an tattara an aika wa iyalinsa. Abin da ya rage a hannuna mota ce da ba tawa ba, ba tasa ba, wadda ya kwance wa wani sashe na inji bai dawo ya haɗa ba. Bayan shekara biyu aka ce ɗaya daga cikin motoci biyun da ke garejin za ta bar gidan, aka tambaye ni wacce.

Motocin na mahaifin kafil ne. Ya saye su yana saurayi, kafin ya rasu kuma ya bar wasiyya kada a bar su su mutu a tsaye. Tsohuwar mota idan ta daɗe ba a tayar ba, taya takan kwanta, roba ta bushe, mai ya lalace a tanki. Kafil ba ruwansa da tsofaffin motoci, shi dai a ba shi babbar jif ya shiga rairayi. Amma maganar uba ce, sai ya ɗora mana. Kowace Juma'a da safe Yaya yakan taso daga Sana'iyya, unguwar garejoji inda yake aiki yake kuma kwana, ya zo gidan kafil a unguwar Mu'aither, mu buɗe garejin baya. Doka ɗaya ce: ba a fita da su tare. Mu fita da ɗaya mu zagaya, mu dawo da ita, sannan mu fita da ɗayar. Saboda haka kullum muna cikin mota ɗaya, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kushewa.

Dukansu ƙofa biyu ne, gajeru, na gudu, ɗaya ƙirar Amurka, ɗaya ƙirar Jamus. Ba'amurkiyar doguwar bonet ce da ita, in ka zauna sai ka ga gabanta ya yi nisa kamar ba naka ba. Silinda takwas ne a cikinta. Idan aka tayar da ita ƙofar garejin takan yi rawa, tantabarun maƙwabci su tashi. Bajamushiyar ƙarama ce, ruwan toka, injinta a baya yake, but ɗinta a gaba. Silinda shida, babu lagireto, babu ruwa, iska ce da baƙin mai suke sanyaya ta. Makullinta ma a hagun sitiyari ake sa shi. Ranar farko na yi ta laluben dama, Yaya yana tsaye yana kallona bai faɗa mini ba.

Babu wanda ya raba mana su. Shi ya ɗauki Ba'amurkiya tun ranar da ya ji kukanta, ni kuma hannuna ya zauna a kan Bajamushiya.

"Bazazzage, wannan mota ce ko keken ɗinki? Saurara fa. Tela kake so ka zama?"

"Taka fa, Yaya? Daga nan zuwa masallaci ta sha rabin tanki."

"Kai, a Qatar kake kukan mai? Ka bar halin gida a gida."

Gaskiyar magana, a miƙaƙƙen titi ba a haɗa su. Akwai wani dogon titi bayan unguwar, babu kowa a kansa da safiyar Juma'a. Idan ya taka totur a can, sai gaban motar ya ɗaga, bayanka ya manne da kujera, maganar da ke bakinka ta koma ciki. Yakan juyo ya dube ni, haƙoransa kawai nake gani. Amma titin yana ƙarewa a shataletale, nan kuma nake jiransa. Motar nauyi ne da ita a gaba, ba ta son a juya ta. Sai ya fara taka birki tun daga nesa, ta riƙa tangaɗi kamar kwale-kwale, tayoyin baya su yi kuka.

"Me ya faru, Ɗan Zango? Ka manta wani abu a gida?"

"Wa ya ce su sa kwana a nan? Ƙasa duk a shimfiɗe, sai sun nemo abin da za su lanƙwasa."

Bajamushiya kuwa kwana ce abincinta. Sitiyarinta ba nauyi, duk abin da taya ta taka za ka ji a tafin hannu, ko ƙaramin dutse ne. Ka nuna mata inda kake so, ta tafi can, ba gardama. Birkinta yana kamawa nan take. Sai dai tana da hali ɗaya. Nauyinta a baya yake, in ka tsorata a tsakiyar kwana ka ɗaga ƙafa daga totur, bayan zai nemi ya wuce gaba. Sau ɗaya ta yi mini haka. Muka juya muka tsaya muna kallon inda muka fito, ba mu taɓa komai ba. Da ƙurar ta lafa Yaya ya ce, "Madalla. Motar da ta fi son komawa gida fiye da direbanta." Ya yi wata da watanni yana ba da labarin nan, har nas ɗin ta ji a unguwar Bin Mahmud ranar da ya je duba mata ƙaramar motarta.

Gardamar ba ta taɓa ƙarewa ba, don ba mu taɓa jera su ba. Yakan ce a ba shi titin garin Dukhan da safe, ni da tawa shi da tasa, kafin in sa giya ta uku ya sha shayi a can. Ni in ce a zaɓi hanya mai kwana mu gani. Wata rana kafil ya same mu muna wannan, ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ranar da ka gama gyaran jar nan ku fita da su tare, sau ɗaya. Ni ma zan bi ku a baya."

Ba'amurkiyar ba ja ba ce da farko. Lokacin da muka same ta koriya ce mai duhu, rana ta cinye fentin har ya yi fari a bonet. Kujerunta sun tsattsage. Tana yin zafi kafin mu kai ƙarshen layi, don ba a yi ta saboda zafin wannan ƙasa ba. Yaya ya kasa jure ganinta haka. Shi a wurinsa, kamar yadda yake a wurin duk makanikin da ya koyi aiki a garejojinmu na gida, ƙaunar mota ita ce a gyara ta. Abin da ya gaji a cire, a sa wanda ya fi shi. Ya nemi izini, kafil ya ce ya yi duk abin da ya ga dama. Ya cire lagireton ya sa babba. Ya canza birkin gaba ya sa irin na zamani. Ya kai kujerun wurin wani mai kushin ɗan Pakistan aka yi musu sabuwar baƙar fata. Daga ƙarshe ya kankare ta har ƙarfe aka fesa mata ja. Tsofaffin kayan kuwa ya ba masu sayen gwangwan, kamar yadda kowa yake yi, don kada su tare wuri.

Bajamushiya bai yi mata komai ba sai juyen baƙin mai da wanke fulogi. Yakan ce hannunsa ba ya shiga injinta, an matse komai kamar kayan matafiyi. Akwai ɗan ƙarce a ƙofar direba, kujerar ta ɗan lotsa inda tsohon ya saba zama. Na taɓa roƙonsa ya gyara mini su. Ya ce, "In na gama da mota, sai in duba keken ɗinkin."

Aikin ƙarshe shi ne kafireto, abin da yake gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Ya ce tana shaƙewa in ya taka da ƙarfi. Wata Juma'a ya cire shi ya kawo kan tebur. Yana da yadda yake aiki. Ya shimfiɗa tsohuwar farar rigar kafil, duk abin da ya kwance sai ya ajiye shi kusa da wanda ya riga shi, daga dama zuwa hagu, layi bayan layi. Ƙananan noti, sifirin kamar gashi, allurai, wasu ƙwallaye da ba su kai ƙwayar gero ba. Ba ya rubuta komai. In ya zo haɗawa, sai ya fara daga na ƙarshe ya koma baya. Aka kira sallar Juma'a bai gama wankewa ba. Ya goge hannu ya ce, "Bazazzage, kada ka taɓa mini ko ɗaya. In ka motsa ɗaya ka ɓata duka. Mako mai zuwa in sha Allahu mu haɗa, ka fara yi wa keken ɗinkinka addu'a."

A cikin makon aka rufe Sana'iyya saboda cutar. Ba shiga, ba fita. Muka koma magana ta waya. Da farko da dariya yake kirana, ya ce in kunna masa Bajamushiya ya ji ko barci zai ɗauke shi. Daga baya tari ya fara katse masa magana. Da aka kai shi asibiti ya kira sau ɗaya, muryarsa ta yi gajarta, kalma biyu sai ya huta. Ya tambaye ni iyalina. Ya ce in rufe kayan nan da wani ƙyalle saboda ƙura. Ya ce in riƙa juya injin jar da sifana kowace Juma'a kada ya kafe. Na ce to, Yaya. Na ce sai ka fito. Ya ce in sha Allahu.

A nan Doha aka binne shi. Ba mu muka yi masa wanka ba, ba mu ga fuskarsa ba. Mu kaɗan ne, kowa da takunkumi, a tsaye nesa da juna, liman yana kabbara muna ji kamar daga wani gida. Ni na kira matarsa a Kumasi. Ta tambaye ni ko akwai inuwa a wurin. Na ce mata babu itace, amma wurin a share yake, akwai Musulmi ta kowane gefe.

Juma'o'in suka ci gaba da zuwa. Nakan buɗe garejin ni kaɗai, in tayar da Bajamushiya, in bi dogon titin, in shiga shataletalen yadda ya kamata, babu mai cewa komai. In na dawo sai in buɗe bonet ɗin jar, in sa sifana in juya injin a hankali kamar yadda ya ce. In duba iskar tayoyi, in tura ta gaba kaɗan da kafaɗa don kada su kwanta wuri ɗaya. Teburin nakan share kewayensa. Wani lokaci in ɗaga ƙyallen in duba, in mayar.

Da Gana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya da za a yi nan Qatar, na sami kaina ina duba waya. Na san abin da zai ce, har muryar da zai faɗa da ita na sani.

Gari ya cika kafin gasar. Tutoci ko'ina, an rufe wasu tituna, na koma kai baƙin kafil filin wasa da dawo da su. A cikin wannan hidimar ne ya kira ni ya ce bayan gasa za a rushe rabin garejin a yi wa babban ɗansa ɗaki, zai yi aure. Wurin mota ɗaya zai rage. Ya ce akwai wani dattijo ɗan Kuwait cikin baƙinsa, abokin mahaifinsa ne, yana tara tsofaffin motoci, zai duba su. Sannan ya ce, ba da wata manufa ba, "Ai abin a fili yake. Ɗaya tana tafiya, ɗaya ba ta tafiya."

Dattijon ya zo garejin da safiyar Juma'a, washegarin ranar da aka fitar da Jamus tun zagayen farko. Amurka kuwa ta riga ta wuce. Ina buɗe ƙofar ina tunanin da Yaya yana nan da ban sha ruwa ba ranar don zolaya. Dattijon yana dogara sanda, ya yi sallama, ya ba ni hannu. Larabcina ya isa in fahimci abin da ake cewa, ko da ba na iya mayarwa da kyau.

Ya fara da Bajamushiya. Bai ce a tayar da ita ba. Ya fito da wani ɗan abu kamar waya yana ɗora shi a jikinta, nan da can, ya ce yana auna kaurin fenti. Ya sa na haska masa lambar da ke jikin injin, ya haɗa ta da wadda ke jikin motar. Ya shafa ƙarcen ƙofar da yatsa. Ya zauna a kujerar da ta lotsa, ya rufe ido, ya shaƙi warin cikin. Ya ce wa kafil, "Nan babanka yake zama. Fentin kamfani, injin kamfani, kujerar kamfani. Wa ya hana a taɓa ta? Allah ya yi masa albarka."



Da ya zo kan jar ya tsaya daga nesa tukuna. Ya ce ya san ta, koriya ce. Ya ɗora abin awon, ya duba, ya mayar aljihu. Ya leƙa ƙarƙashin bonet ya daɗe. Ya bi walda da ido, ya ja wayoyin da aka ɗaure a jere, ya sunkuya da ƙyar ya dubi birkin.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Kafil ya ce makanikinsu ne, ya rasu a annoba.

"Allah ya jiƙansa. Ya san aiki. Wannan ta fi yadda ta fito tafiya, ba na ko shakka." Ya juyo gare ni. "Ɗana, tsofaffin kayan fa? Lagireton, birkin, fatar kujerun. Kun ajiye?"

Na ce an ba masu gwangwan.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya yi mana bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce masu tara irin waɗannan motoci ba gudu suke saye ba, don ƙaramar motar da ake kai yara makaranta da ita yau za ta iya ba su kunya a titi. Abin da suke nema shi ne mota yadda ta fito, da tsufanta, da tabonta. Irin Ba'amurkiyar nan an yi su da yawa, wadda ba a taɓa ba ce ake nema, ita kuwa an taɓa ta ko'ina. Irin Bajamushiyar ba su da yawa, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Ya ce da an ajiye tsofaffin kayan a kwali, da an iya mayar da ita. Yanzu in an kai ta kasuwa, mai sayenta injin zai cire, da gilasai da ƙarafunan ado, sauran a bar shi a fili.

Ya matsa wurin teburin ya kama bakin ƙyallen. Na ce, "Baba, don Allah." Ya dube ni, ya saki.

Suka fita tsakar gida suka yi magana, ni ina ciki. Na tsaya tsakanin motocin biyu. Duk abin da na yi shekaru ina faɗa wa Yaya, ga wani ya zo daga wata ƙasa ya tabbatar, har ya ƙara da abin da ban sani ba. Ban ji daɗin komai ba. Ina ta kallon jan fentin, ina tuna ranar da aka dawo da ita daga wurin fesawa, yadda ya hana ni jingina.

Kafil ya dawo shi kaɗai. Ya ce dattijon yana son Bajamushiya ƙwarai, jar kuwa ba ya so. Shi kuma ya fi karkata ga ya riƙe Bajamushiya, tunda tana tafiya kuma ita ce mai daraja, a kira masu kayan gyara su ɗauke ɗayar. Ya ce, "Kai ka san su fiye da ni. Shekara nawa ina jin ka kana cewa Bajamushiya ta fi. Har yanzu haka ne?"

Na ce, "Har yanzu haka ne, ranka ya daɗe. Ta fi ta a kwana, ta fi ta birki, ta fi ta daraja."

"To, khalas."

Na ce, "Shi ya sa nake roƙo ita a ba shi."

Ya dube ni. Na haɗa Larabcin da nake da shi na ce Bajamushiya duk inda ta je za a kula da ita. Dattijon zai sa ta a ɗaki mai sanyi, ba zai bari a canza mata ko noti ba, kuma ya san mahaifinsa, ya san kujerar. Ita jar in ta fita ƙofar nan ba za ta ƙara zama mota ba. Na ce mahaifinsa cewa ya yi kada a bar su su mutu, ta wannan hanyar ce kawai duka biyun za su rayu. Ban ambaci Yaya ba. Ina jin ya gane.

Ya daɗe yana juya carbi. Ya ce, "Kai kake tuƙa ta kowace Juma'a. Ba za ka ji kewarta ba?"

Na ce zan ji.

"Yalla, na yarda. Amma ka sani, ba zan ajiye motar da ba ta tashi a gidana ba har abada. Ka sa a haɗa abin nan. Ka tayar da ita."

Na ce to.

Da yammacin ranar Gana ma ta fita. Na kai baƙi filin, na jira su a waje cikin mota, ina jin ihun mutane yana tashi yana sauka.

Bayan an gama gasa, gari ya koma shiru, babbar motar ɗaukar kaya ta zo. Ni na hau da Bajamushiya kanta. Na sa makullin a hagu, na bar injin ya ɗumama fiye da yadda ake bukata, direban babbar motar yana jira. Na gaya masa kada ya ɗaure ta ta baya da ƙarfi. Na bi su da ido har kwanar masallaci. Ba da daɗewa ba magina suka zo suka ja bango a tsakiyar garejin. Kafin su fara, ni da mai gadi muka ɗaga teburin tare, a hankali, muna tafiya kamar masu ɗauke da ruwa a faranti, muka kai shi gefen jar. Da na ɗaga ƙyallen babu abin da ya motsa.

Ni direba ne, ba makaniki ba. Na san sautin mota in ba ta da lafiya, amma ban san inda allurar nan take shiga ba. Na nemo wani makaniki ɗan Sudan da suka yi aiki tare da Yaya a Sana'iyya. Ya zo ya duba teburin, ya yi murmushi, ya ce ya san wannan jerin, haka marigayin yake yi ko agogo zai kwance. Ya ce aikin yini ɗaya ne. Ya ce in ma ana so, a sayo sabon kafireto a ɗora, ya fi sauƙi. Na ce a'a, wannan za a haɗa. Muka sa Juma'a.

Ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu zai ɗauki na ƙarshe a layin hagu, inda Yaya ya tsaya. Na ji bakina ya ce masa ya bari sai wani makon, yau akwai inda zan kai mutanen gida. Ya dube ni, ya saukar da hannun rigarsa, ya ce babu damuwa, in kira shi duk ranar da na shirya. Muka sha shayi ya tafi.

Na san ba daidai ba ne a bar ta haka. Na san abin da shi kansa zai ce in ya ga motarsa a tsaye saboda wani Bazazzage ya kasa barin a ɗauki noti. Kuma na san haƙurin kafil yana da iyaka. Yakan tambaye ni jefi-jefi in muna cikin mota, ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba, "Jar fa?" In ce ana kai. Kwanan baya ya ƙara da cewa matar ɗansa ta sayi mota, motar tana kwana a waje.

Nas ɗin ta koma gida bara. Kafin ta tafi ta zo ta ga motar, don ta ce ta sha jin labarinta a bakin mai ita har a gadon asibiti. Ta zagaya ta, ta ce, "Yayana, wannan ce ta fi taka gudu?" Na ce a miƙe dai. Ta ce haka ya ce zan ce.

Ina da lambar ɗan Sudan ɗin a wayata. Kowace Juma'a da safe ina buɗe bonet, in juya injin da sifana, in tura ta gaba kaɗan. Injin bai kafe ba. Kafireton yana nan a kan farar rigar, daga dama zuwa hagu, yadda ya bar shi. Ban kira a haɗa shi ba tukuna.